Sunan da Othniel Ya Goge

Dutsen farko ya faɗo ne ana gab da kiran magariba, a wata Laraba ta farkon damina. Dinatu tana tsugune a bakin kicin tana tuƙa tuwon masara, 'yarta Lucia tana kwashe shanya saboda hadarin da ya taso ta wajen Shika, maigidan kuma, Othniel, yana zaune a kan benci ya cire takalmi ɗaya bai kai ga ɗayan ba. Ƙarar ta zo daga saman kwano. Sannan dutsen ya gangaro a hankali, kamar ana jan sa da zare, ya faɗo tsakar gida kusa da duron ruwa.

Dinatu ta ce yaran maƙwabta ne ke harbin tsuntsu. Amma gidan nasu shi ne na ƙarshe a layin, can bayan Samaru inda gari yake ƙarewa gonaki su fara, kuma tsuntsaye sun daɗe da shigewa. Lucia ta sunkuya ta ɗauki dutsen, ta sake shi da sauri. Ta ce da zafi, kamar yanzu aka ciro shi daga murhu.

Wasu duwatsun suka biyo baya kafin ladanin masallacin bakin titi ya idar da kira. Othniel ya mayar da takalminsa, ya ɗauki tocila, ya fita ya zagaya bayan katanga. Masarar da ke manne da katangarsu ba ta kai gwiwa ba, ko akuya ba za ta ɓuya a cikinta ba. Yana cikin haska kunyoyi ya ji matarsa tana kiran sa da murya ƙasa-ƙasa. Da ya dawo ya tarar da ita a ƙofar ɗakin Lucia, tana nuna masa wani dutse a tsakiyar katifa. Silin ɗakin lafiyarsa ƙalau, taga kuma a rufe.

Suka zauna cin tuwo don kada a ce ba a ci ba. A lomar farko Dinatu ta tauna wani abu mai ƙaras-ƙaras, ta tofar a tafin hannu. Ƙwayoyi ne farare ƙanana, masu ɗaci. 'Yar manomi ce, ba ta buƙaci a gaya mata ba: takin zamani ne, ita kuwa ba ta taɓa ajiye taki a gidan nan ba. Othniel ya janye hannunsa daga kwano. Ya ce wataƙila daga wurin niƙa aka kwaso shi. Bai ƙara loma ba.

Othniel shi ke kula da kwamfutocin wani babban sito a Unguwar Gabas ta Sabon Gari, inda ake sayar da iri da taki da maganin feshi. Mai siton, Emenike, haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar ta kowane Bazazzagi, kuma ya gaji wurin daga mahaifinsa da ya rasu bara. Duk abin da ya shiga siton ko ya fita sai ya bi ta manhajar kamfanin. Ita ke faɗin ɗakin da za a jera kaya, ita ke fitar da rasit, buhun da ba ta san da shi ba kuwa ba ya sayuwa.

Akwai ɗaki guda a ƙuryar siton, kusa da wata tsohuwar rijiya da aka rufe da kankare, wanda manhajar ba ta taɓa tura kaya cikinsa ba. Duk wanda ya danna shi sai ta nuna masa cewa ɗakin yana da mai shi. Mahaifin Emenike ne ya sa aka kulle shi haka tun ranar da aka kawo manhajar, da kalmar sirrinsa, ya kuma tafi kabari da ita. A satin nan tireloli suka iso da taki, sama tana haɗa hadari kullum, wurin ajiya ya ƙare. Emenike ya sa aka fasa kwaɗon ɗakin, aka tarar da shi wayam, a share tas, ko yanar gizo-gizo babu. Kwaɗon ƙarfe ya fasu, amma na cikin manhajar ya ƙi. Waɗanda suka ƙera ta suka ce sai an rubuto musu an jira. Emenike ya dafa kafaɗar Othniel ya ce, "Injiniya, ka san yadda za ka yi. Ni dai gobe in ga taki a ɗakin nan."

Ya kuwa sani. A bayan kowace manhaja akwai rumbun bayanai, inda komai yake zube a fili, layi-layi, babu mai gadi. Wanda ya haɗa kwamfutarsa da rumbun daga waje yana iya canza abin da ya ga dama, manhajar ba za ta tambaye shi ko shi wane ne ba, ba za ta kuma rubuta cewa ya zo ba. Abu na farko da aka koya masa a wannan sana'a shi ne a ɗebi kwafi a ajiye kafin a taɓa komai. Amma a yammacin Litinin ɗin an ɗauke wuta, batirin laftof ɗinsa ya kusa mutuwa, ga gajiya. Ya zauna a teburin karatun Lucia, don ta tagarta ne sabis ya fi kamawa, ya shiga rumbun, ya nemo layin ɗakin ƙurya. A gurbin mai ɗaki akwai wani dogon suna. Bai tsaya karantawa ba. Ya goge shi, ya mayar da kulle buɗe, ya bar laftof ɗin a nan a kan teburin ba tare da ya yanke haɗin ba, ya tafi wanka. Washegari manhajar ta tura taki ɗakin, leburori suka cika shi har rufi.

Bayan jifan farko gidan bai ƙara samun magariba mai daɗi ba. Da rana ta karkata sai kowa ya fara duban kwano. Wani lokaci duwatsu, wani lokaci shiru, shirun kuma ya fi jifan nauyi. Sannan aka fara jin tari. Tari ne na ƙananan yara, busasshe, mai sarƙewa, yana fitowa daga cikin silin, ko daga bayan kabad, ko daga cikin duron ruwa idan an ɗaga murfi. Dinatu ta daina dafa abinci a buɗe. Duk da haka takin yana shiga miya, yana shiga gishiri, ta taɓa samun sa cikin takalmin cocinta.

Lucia shekararta goma sha takwas, tana shirin jarrabawar shiga jami'a, yarinya mai surutu da waƙa a bakin famfo. Ta fara da rashin ci. Sai ta koma zama a kusurwar ɗaki ta juya wa ƙofa baya, tana jijjiga gwiwa kamar mai rarrashin jariri. Idanunta suka yi ja suna zubar da ruwa. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka duba ƙirji, likita ya ce bai ga komai ba, a bar ta ta huta. Fasto ya zo da dattawan coci, suka yi addu'a har muryoyinsu suka dushe, Lucia ta bi su da waƙa cikin muryarta ta da, uwarta ta yi kukan murna. Gidan ya kwana lafiya. Da magariba ta sake yi, tarin ya dawo.

Othniel ya rame fiye da 'yarsa. A ɓoye ya sake shiga rumbun ya mayar da ɗakin kulle. Da safe siton ya rikice: manhajar tana ganin taki a ɗakin da ta san a rufe yake, ta ƙi fitar da rasit ko na buhu ɗaya, manoma suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Emenike ya kira shi yana faɗa, ya ce ya warware abin da ya ƙulla nan take. Ya warware. Ya nemi sunan da ya goge a ko'ina, bai samu ba. Da ta cikin manhajar aka bi, da ta ajiye tsohon sunan da na wanda ya canza shi. Shi kuwa ta baya ya shiga, bai bar sawu ba, bai kuma bar kwafi ba. Ya matsa wa kansa ya tuno, abin da ya rage masa kawai shi ne sunan yana da tsawo. Ya gwada rubuta "Mai Ɗaki" a gurbin. A yammacin ranar dutse ya fasa masa goshi yana zaune a cikin falo.

Dinatu tana wanke masa ciwon ne Lucia ta fito daga ɗakinta. Tafiyar ba tata ba ce. A duƙe take, hannu ɗaya a ƙugu, tana jan ƙafa. Ta tsaya ta dube su, ta yi magana da muryar tsohuwa, mai kauri da karkarwa.

"Ke matar gida, tambayi mijinki abin da ya goge."

Daga nan ta zube ƙasa.

Bayan sun kwantar da ita Othniel ya gaya wa matarsa komai. Dinatu ba ta ɗaga murya ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ta tambaye shi ko tun daren takin farko ya sani, ya ce ya yi zato. Ta ce wato yana kallo aka ɗebi jinin yarinya, yana kallo ta rasa barci tana zargin kanta da maƙwabta. Ta ce da gari ya waye za ta unguwar Palladan wurin Malam Yero. Ya fara cewa me mutanen coci za su ce, ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Baban Lucia, ni na haife ta," ta ce. "Su faɗi abin da za su faɗa."

Malam Yero tsohon malamin Larabci ne da ya yi ritaya, abokin marigayi mahaifin Dinatu tun suna samari. An san shi da aikin fitar da aljanu, amma ba ya son a san shi da shi. Ya saurare ta yana jan carbi, ya yi tambayoyi kaɗan, ya ce zai zo bayan la'asar, kuma lallai a kira mai siton. Emenike ya ƙi da farko, ya ce shi ba ya shiga harkar camfi, kuma shi bai ce wa kowa ya bi ta baya ba. Dinatu ta karɓi wayar daga hannun mijinta. Ta gaya masa cewa in bai zo ba za ta ɗauko yarinyar ta kwantar da ita a bakin sitonsa, a gaban manoma. Ya zo.

Hadari ya haɗu tun kafin Malam ya iso, gari ya yi duhu da wuri, iska ta tsaya cak. Ya yi alwala a bakin duro, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Lucia uwarta na riƙe da ita ta baya. Othniel da Emenike suka tsaya jikin bango. Malam ya fara karatu a hankali, ba tsawa, ba duka, murya ɗaya shimfiɗaɗɗa kamar mai karanta wa kansa. An daɗe babu abin da ya motsa. Sai tarin ya taso daga silin, daga kicin, daga ko'ina a lokaci guda, sannan ya yanke. Lucia ta ɗago kai. Fuskar tata ce, amma abin da ke kallo ta cikinta ya tsufa ƙwarai.

Ta yi wa Malam sallama, ya amsa. Ya tambaye ta ko ita wace ce, ta ce tsohuwa ce mai jikoki. Ya tambayi daga ina, ta ce daga bakin rijiya, inda take zaune tun kafin jirgin ƙasa ya iso Sabon Gari. Ta ce da baƙon nan, mahaifin Emenike, ya sayi filin zai gina sito, ta fito masa, shi kuwa mutum ne mai kunya. Ya ce ba zai kori wanda ya tarar ba. Ya gina mata ɗaki, ya roƙi sunanta don ya rubuta cikin masu wuri, ta ba shi, shi kaɗai a cikin 'yan Adam. Daga littafi ya mayar da shi cikin na'ura. Ita kuma ta tsare masa sito, ɓera bai taɓa huda buhu ba, wuta ta ci maƙwabta ba ta taɓa shi ba.

Emenike ya yi tsaki ya ce wannan labari kowane lebura zai iya ƙirƙirarsa. Kan yarinyar ya juya gare shi a hankali. Ta kira shi Nedu, sunan da mahaifinsa kaɗai ke kiran sa da shi, ta yi masa wata gajeriyar magana da harshen Ibo, harshen da Lucia ba ta jin ko gaisuwarsa. Ban da shi, babu wanda ya san abin da ta faɗa. Emenike dai ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa.

Malam ya tambaye ta me ya kawo ta Samaru, gidan mutanen da ba su san ta ba.

"Hanyar da ya bi ya shigo mini, ita na biyo," ta ce. "A buɗe ya bar ta. Na fito na tarar da yarinya tana barci a bakinta."

Ta ce an zuba musu gishirin wuta, wato takin nan, a ka suna kwance. Idanun jikokinta sun ƙone, ƙirjinsu ya toshe. Ƙaramin cikinsu, wanda take goyo, ya yi tari har ya daina. Da ta faɗi haka gwiwar Lucia ta tsaya da jijjigar da take yi tun kwanaki. Dinatu ta rufe ido. Tsohuwar ta ce ba ta zo da wasa ba, ɗa aka ɗauke mata, ɗiya za ta ɗauka, kuma ta riga ta saba da wannan.

Malam Yero ya yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi wa mutum, ya roƙa wa yaron rahama. Sannan ya ce an zalunce ta, babu musu, amma yarinyar nan ba ta goge komai ba, ba ta ɗauki buhu ba, ko siton ba ta taɓa shiga ba. Ya ce in ta riƙe ta, ta tashi daga wadda aka zalunta ta koma azzaluma, shi kuma ba zai tashi daga tabarmar nan ba. Ta yi dariya mara daɗi. Ya koma karatu, a wannan karon da ƙarfi. Jikin Lucia ya sandare, ya lanƙwashe baya har Dinatu ta kusa faɗuwa, duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, wani wari mai yaji ya cika tsakar gida har kowa ya fara hawaye. Tsohuwar tana nishi tana cewa ya ƙona ta in zai iya, amma tare da yarinyar za su ƙone. Jini ya fara ɗiga daga hancin Lucia.

Othniel ne ya katse karatun. Ya taso daga jikin bango ya durƙusa a bakin tabarma, ya miƙa hannayensa biyu.

"Ni na yi," ya ce. "Iya, abin da za ki ɗauka, ki ɗauka a jikina."

Jifan ya tsaya. Ta daɗe tana kallon sa da idanun 'yarsa.

"Ko karantawa ba ka yi ba," ta ce. "Da ka karanta ka goge, da na ce ƙiyayya ce. Ka share ni kamar majina a allo."

Ta tambaye shi da wane yatsa ya danna. Ya ɗaga manunin hannunsa na dama. Ta kama shi da hannun Lucia, riƙo mara ƙarfi, ta sake. Bai ji zafi ba. Bai dai ƙara jin yatsan ba.

Daga nan aka shiga ciniki, Malam yana ja tana ja. Ta ce a kwashe takin kaf, a wanke ɗakin, a mayar da kwaɗo. Emenike ya gyaɗa kai daga inda yake zaune. Ta ce a mayar da sunanta inda yake, kuma ba ta baya ba, ta ƙofa, da rana, da hannun mai wuri a kan kulle. Malam ya ce to ta faɗi sunan a rubuta. Ta ce shi malami ne, ya san abin da suna yake a hannun irinsa, ba za ta miƙa masa wuyanta ba. Ya ce shi kuma ba zai bar ta ta ƙara kwana a jikin yarinya ba. Suka yi ta kai da komo har ruwa ya fara yayyafi. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa za ta lafa, ta bar yarinyar ta ci ta yi barci, gobe ta ari hannunta ta rubuta sunan da kanta kowa ya juya baya, sannan ta fita kafin magariba, ba ita ba dawowa. Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Lucia ta yi ajiyar zuciya ta kwanta a jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Tun da sassafe Emenike ya rufe siton ga masu saye. Ya cire rigarsa ya shiga cikin leburori, Othniel ma haka, yana ɗaukar buhu da yatsu huɗu. Babu wurin da za a kai takin sai rumfar waje, aka lulluɓe shi da tamfol, ruwan rana ya jiƙa na ƙasa ya narke a kan idon Emenike. Dinatu da kanta ta wanke ɗakin, ta sake wankewa, har warin ya tafi.

La'asar sakaliya suka shiga ofis. Emenike ya zauna gaban kwamfuta ya shiga manhajar da kalmar sirrinsa, Othniel yana tsaye daga baya yana faɗa masa inda zai danna. Aka fitar da takin daga ɗakin a rubuce kamar yadda aka fitar da shi a zahiri, aka buɗe gurbin mai ɗaki, aka saita shi yadda ba zai nuna abin da ke ciki ba da zarar an kulle. Emenike ya tashi, aka zaunar da Lucia. Malam ya yi sallama, bayanta ya duƙa, tsohuwar ta amsa. Duk suka juya suka fuskanci bango.

Suka ji ƙarar maɓallai, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin bugun wanda bai taɓa yi ba. Sunan yana da tsawo. Da ta gama ta kira Nedu, ya matso idonsa a rufe, ta ɗora yatsansa a inda zai danna, ya danna. Ta ce wa Malam ta cika nata. Ta ce wa Dinatu 'yarta tana da kirki, ta riƙe ta da kyau. Othniel kuwa ta tsallake shi. Lucia ta yi atishawa mai ƙarfi, kanta ya faɗa kan tebur. Can ƙuryar sito suka ji ƙofar ɗakin ta rufe kanta, a hankali, kamar yadda ake rufe ƙofa idan akwai marasa lafiya a ciki.

Gidan Samaru ya samu lafiya. Lucia ta mayar da jikinta, ta koma karatu. Yatsan Othniel ya ƙanƙance ya bushe, likitoci suka yi ta juya shi ba su gane ba, ya koyi bugu da sauran. Emenike bai kore shi ba, amma ya sa aka toshe duk wata hanyar shiga rumbun daga waje, kuma tun daga ranar ba su ƙara haɗa ido sosai ba. A coci an yi gunaguni na ɗan lokaci, Dinatu ta ci gaba da zama a bencinta na gaba, gunagunin ya mutu.

Sai da masara ta fitar da goyo Lucia ta yi maganar. Wata safiyar Lahadi ce, tana ɗaura wa babanta maɓallin hannun riga, don shi ba ya iyawa yanzu. Ba ta ɗago kai ba.

"Baba, ba ta tafi da shi ba."

Ya tambaye ta da me.

"Sunan. Idona a buɗe yake lokacin da take rubutawa. Yana nan a bakina. Da rana ina iya riƙe shi. In na fara barci ne nake jin yana son fitowa."

Ba su je coci ba ranar, Palladan suka nufa su uku. Malam Yero ya saurare su har ƙarshe. Ya ce wannan ba ciwo ba ne da zai yi wa karatu, tsohuwar ta cika alkawari, ba ta jikin yarinyar. Amana ce ta faɗo hannun wadda ba ta nema ba. Muddin sunan yana cikin bakinta babu abin da zai same ta. Amma wanda ya kira suna ya kira mai shi, wanda ya ji kuma ya shiga ciki. Ya ce kada ta rubuta, kada ta raɗa wa ƙawa, kada ta gaya wa mijin da za ta aura. Lucia ta tambaye shi har yaushe. Ya dube ta da tausayi, ya ce shi dai bai san ranar da ake sauke irin wannan ba.

A yammacin ranar Dinatu ta naɗe katifarta ta kai ɗakin 'yarta, ta shimfiɗa a gefen gado. Othniel ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, ya ce ko su riƙa karɓa-karɓa. Ta ce a'a. Ta kunna fitilar caji ta ajiye inda haskenta zai faɗa kan fuskar Lucia, ta yagi auduga ta toshe kunnuwanta biyu, ta jingina da bango, ta zuba wa leɓɓan yarinyar ido.